Wasiƙa Daga Gwanzu: Labarin Kunnen Kawu

Na san an kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun fara aiko da saƙo suna tambayar ko sanyin Ingila ne ya daskarar mini da yatsu. To ba ma a Ingilar nake ba. Yau mako bakwai ke nan ina birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, wanda 'yan kasuwarmu suke kira Gwanzu, ina jinyar Kawu, kuma jibi in Allah Ya kai mu zan koma makaranta.

Dalilin wannan doguwar wasiƙa shi ne, tun ranar da aka yi wa Kawu aiki wayata ba ta huta ba, kuma tambayar kowa guda ɗaya ce: "Ƙarar ta tafi?" Hajiya ta tambaya, Gwaggo ta tambaya, abokan kasuwarsa na Kantin Kwari ma sun tambaya. Amsar ta fi ƙarfin hirar minti biyu a waya, kuma duk wanda ya sa hannu a karo-karon da aka yi yana da haƙƙin ya ji ta cikakkiya. Na nemi izinin Kawu kafin in fara, ya ce in rubuta komai kada in rage, wataƙila wani ya amfana.

Ga abokaina da ba su san shi ba, Kawu ƙanin Hajiyarmu ne, ɗan kasuwar yadi, tun 2007 yake zuwa garin nan saro kaya sau biyu a shekara. Jinsa ya fara raguwa ne bayan wata doguwar jinya da ya yi shekara 11 da suka wuce, wadda ya sha allurai a cikinta. Da farko na'urar ƙara ji ta ɗan taimaka masa, amma a shekara biyun nan ta zama ado kawai, yana jin hayaniya ba ya rarrabe magana. Ya daina zaman majalisa, ya daina ɗaga waya, ciniki ya koma hannun yaransa. Duk da haka in ka tambaye shi abin da ya fi damunsa ba zai ce maka kurumta ba. Ƙara zai ce. A kunnen hagu, in ji shi, kamar injin markaɗe ne a gidan maƙwabta wanda mai ba ya ƙare masa. A na dama kuma kukan gyare. Dare da rana. Akwai maganar da ya faɗa mini wadda har yau take mini yawo a ka. Ya ce, "Mutane suna zaton kurma a cikin shiru yake. Ni shekarata tara rabona da shiru."

Wasu sun tambayi me ya sa Gwanzu, ba Masar ko Indiya ba. Dalili biyu ne. Na farko, aikin ba na yini ɗaya ba ne, dole a riƙa komawa ana saita na'urar, shi kuwa Kawu ko ba ciwo nan yake zuwa, ya san garin kamar yunwar cikinsa, yana da masauki da mutane a unguwar Xiaobei, duk da cewa baƙaƙen fata sun ragu a wurin sosai tun daga annobar korona ta 2020. Na biyu kuɗi. A watan Disamba na 2024 gwamnatin Sin ta tara kamfanonin da ke ƙera wannan na'ura ta yi ciniki da su na sari, farashin saiti ɗaya ya faɗo daga sama da yuan 200,000 zuwa wajen yuan 50,000, aka fara aiki da sabon farashin a watan Maris na 2025. Baƙo mai bizar kasuwanci irin Kawu ba shi da inshorarsu, komai daga aljihunsa ne, ga kuɗin tiyata da gwaje-gwaje da na gado daban, amma da ya buga lissafinsa na 'yan kasuwa nan ɗin ya zaɓa.

Yanzu bari in zo kan ita ƙarar, domin sai an gane ta za a gane abin da na'urar za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Na san a gida an yi maganganu. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu ne daga abokan hamayyar kasuwa. An yi hayaƙi, an ɗiga mai, kuma kowa don ƙauna ya yi. Ni ba likita ba ne, ko da yake Kawu ya ƙi daina kirana Dakta, amma karatun da nake yi na digiri na uku a kan kimiyyar ji ne, don haka ga abin da aka sani. Likitoci suna kiran wannan abu tinitus, mu kuma mu ce ƙugin kunne ko ƙarar kunne, wato mutum ya riƙa jin sauti alhali babu abin da ke yin sautin a waje. Kuma ba Kawu kaɗai ba ne. Wani babban nazari da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa manya sama da miliyan 740 ne a duniya suke da shi, kuma sama da miliyan 120 daga cikinsu nasu mai tsanani ne. A cikin masu kurumta mai zurfi irin ta Kawu kuwa, mafi yawansu suna da shi.

Ga yadda ji yake faruwa a taƙaice. Sauti ya shiga kunne ya bugi dodon kunne, wasu ƙasusuwa uku 'yan mitsi-mitsi su miƙa girgizar zuwa wani abu da ke can ciki mai siffar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cike yake da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi-gashi a ka, kimanin 16,000, aikinsu su juya girgizar ta koma saƙon lantarki, su miƙa wa jijiyar ji, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi su ne jarin kunne. Ƙara mai yawa tana kashe su, tsufa yana kashe su, wasu cututtuka da wasu magunguna ma haka, kuma a jikin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake tofowa. Tsuntsaye da kifaye nasu yana tofowa, mu ba a ba mu wannan ba.

To in sun mutu me zai faru? Ku tuna rediyon Baba mai gajeren zango, lokacin da ake kama BBC ko Jamus da asuba. In tasha ta fara gudu me ake yi? Sai a ƙara murya. Tashar ba ta dawo ba, amma shuuu ɗin nan ya cika ɗaki. Bayanin da masana da yawa suka fi karkata a kai ke nan game da ƙugin kunne: ƙwaƙwalwa ta saba samun saƙo daga kunne, da saƙon ya yanke sai ta ƙure muryar tana lalube, har ta fara jin motsin jijiyoyinta na kanta a matsayin sauti. A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun sa mutum 80 masu lafiyayyen ji a ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti biyar kacal, kashi 94 cikin ɗari suka fito suna cewa sun ji ƙugi ko fito ko wani abu makamancin haka. Wato kowannenmu yana da ɗan injinsa a ciki, hayaniyar duniya ce take rufe shi. Haka kuma kun sha jin wanda aka yanke wa ƙafa yana kukan ƙaiƙayi a ɗan yatsan da babu shi. Dangin juna ne da wannan. Shi ya sa da likitoci suka gwada yanke jijiyar ji gaba ɗaya a shekarun baya, a mutane da yawa ƙarar ba ta tafi ba. A kunne matsalar ta faro, amma a ƙwaƙwalwa ta yi sheƙa. Man da aka ɗiga kuwa iyakarsa dodon kunne, ko katantanwar bai isa ba balle ƙwaƙwalwa.

Ita na'urar da aka dasa wa Kawu ba irin wadda ya saba saƙalawa ba ce. Waccan lasifika ce, ƙara ƙarfin sauti kawai take yi, kuma ihu ba ya tada ƙwayoyin da suka mutu. Wannan kuwa tsallake su take yi. Kashi biyu ce. Na ciki ana binne shi a ƙarƙashin fata a bayan kunne, yana da wata siririyar waya da ake zurawa cikin katantanwar, a jikinta akwai 'yan ɗigogin ƙarfe daga 12 zuwa 24, gwargwadon kamfani. Na waje kuma yana da makirfo da batir, yana ɗaukar sauti ya juya shi lantarki, ya tura wa na ciki ta cikin fata, mayen ƙarfe ne yake riƙe su manne da juna. Ɗigogin nan sai su riƙa taɓa jijiyar ji kai tsaye. Abin ya daɗe ana bibiyarsa: a 1957 aka fara gwada shi a jikin mutum a Faris, William House ya ci gaba da shi a Amurka daga 1961, sannan Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977 da Graeme Clark a Melbon ta Ostireliya a 1978 suka zo da mai tashoshi da yawa irin na yau. Ya zuwa 2022 an dasa sama da miliyan ɗaya a duniya. Su ma Sinawa suna da nasu, na kamfanin Nurotron da ke Hangzhou, wanda hukumarsu ta amince da shi a 2011.

Don a ji magana aka ƙirƙiro ta. Sai dai tun farko-farko likitoci suka lura marasa lafiyarsu suna dawowa da wani labari na daban, cewa da an kunna na'urar ƙugin yana lafawa. In kun riƙe misalin rediyon nan, dalilin a fili yake: tasha ta dawo, ƙwaƙwalwa ta rage murya. Ga kuma sautin duniya da ya dawo yana rufe ƙarar, ga hankalin mutum da ya samu abin saurare a waje maimakon ya zauna yana gadin abin da ke cikin kansa. A 2008 Farfesa Paul Van de Heyning da abokan aikinsa a Antwerp ta Beljiyam suka buga sakamakon wani gwaji: sun dasa wa mutum kimanin 20 masu kurumtar kunne ɗaya da ƙugi mai tsanani na'urar, a ma'aunin 0 zuwa 10 ƙarfin ƙarar ya sauko daga wajen 8.5 zuwa wajen 2.5, kuma bayan shekara biyu yana nan a haka. Amma in aka kashe na'urar, ƙarar takan dawo.

Wannan shi ne ɓangaren daɗi. Ga ɗaya ɓangaren. A 2015 wasu masu bincike a Utrecht ta Holan suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan masu kurumtar kunne biyu, irin Kawu ke nan. Alƙaluman sun bambanta daga wannan nazari zuwa wancan: waɗanda ƙarar ta ɓace musu gaba ɗaya daga kashi 8 zuwa 45 cikin ɗari, waɗanda ta ragu daga 25 zuwa 72, waɗanda ta ƙaru daga babu ko ɗaya zuwa kashi 25. Har akwai waɗanda da ba su da ita, bayan aikin suka same ta, daga babu zuwa kashi 10. Ku dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi. Abin da suke nunawa shi ne rinjaye yana wajen sauƙi, amma babu likitan ƙwarai da zai dafa ƙirji ya yi wa mutum alkawari. A garin nan ma ana ta wannan bincike. Na samu leƙawa asibitin tunawa da Sun Yat-sen da ke bakin kogin Lu'ulu'u, wanda asalinsa asibitin ido ne da wani likita Ba'amurke, Peter Parker, ya buɗe a 1835. Ba a can aka yi wa Kawu aiki ba, na je ne don sashen kunnensu ya yi suna wajen rubuce-rubuce a kan ƙugin kunne da yadda yake canza aikin ƙwaƙwalwa.

Ranar da za a yanke shawara mu huɗu ne a ofishin likita, kuma maganar sai ta bi ta hannu uku kafin ta isa. Likita ya yi Sinanci, tafintanmu, wani yaron kirki ɗan Maraɗi da ya yi karatu a nan, ya juya mana, ni kuma in rubuta wa Kawu a littafi da manyan baƙaƙe. An riga an yi gwajin ji da hoton ƙashi da na ƙwaƙwalwa, an ga katantanwar a buɗe take, jijiyar ma tana nan. Likita ya lissafo haɗurran aikin: jiri, canjin ɗanɗano a harshe, yiwuwar taɓa jijiyar fuska ko da yake da wuya, da kuma cewa ɗan guntun jin da ya rage a kunnen zai iya tafiya. Kawu bai ko ɗaga kai ba. Tambayarsa ɗaya ce, "Injin zai mutu?" Likita ya ce shi don jin magana yake dasa na'ura, ƙara kuwa yawancin mutane takan ragu, wasu ta tafi, wasu ta tsaya yadda take, kaɗan ta ƙaru, kuma ba shi da hanyar sanin layin da Kawu zai faɗa sai an kunna. Na rubuta masa haka kalma da kalma. Ya karanta sau biyu, ya dube ni ya ce, "Dakta, wato kaya ne a kwantena, sai an biya za a buɗe." Na ce haka ne Kawu. Ya ce a ba shi kwana biyu.

Kwana biyun nan ban sa masa baki ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A rana ta uku bayan sallar asuba ya ce mini ya yi lissafi. Ya ce in ƙarar ta tafi riba biyu ke nan, in kuma ba ta tafi ba amma zai ji karatun liman da surutun jikokinsa, to uwar kuɗi ta fito. Sai da na ji wannan hankalina ya kwanta, domin wanda ya shiga aikin nan don ƙara kaɗai, ko da jinsa ya dawo zai iya ganin an cuce shi.

An yi masa rigakafin sanƙarau kamar yadda ake yi wa duk mai shirin dashe, aka yi aikin a kunnen hagu, awa biyu da 'yan mintuna. Daga nan ne muka shiga kwanakin da suka fi kowanne wuya, waɗanda labarinsu ya iso gida a karkace. Ba a kunna na'urar nan take, sai wurin ya warke, yawanci mako biyu zuwa huɗu. A wannan tsakanin kunnen an taɓa shi, akwai jini da ruwa a ciki, ɗan guntun jin da yake da shi ya toshe, na'ura kuma ba ta fara aiki ba. Ƙwaƙwalwar da dama yunwar sauti take ji sai aka ƙara mata azumi. A dare na uku Kawu ya tashe ni ya ce, "Dakta, injin ya ƙara wuta." Ga jiri, ga rashin barci. Wajen kwana goma muka yi a haka kafin ya koma yadda yake da. A lokacin ne wani ya kira gida ya ce aiki bai yi ba, har Hajiya ta kwana tana kuka. Hajiya ki yi haƙuri, abu ne da aka san yana faruwa, kuma an gaya mana tun kafin a shiga.

A kwana na 26 aka kunna. Ba kamar yadda kuke gani a bidiyo ba ne, inda ake kunnawa mutum ya fashe da kuka a rungume juna. Wata ma'aikaciya ce ta haɗa na'urar da kwamfuta, tana taɓa ɗigogin nan ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana nuna mata a jikin wani allo ko sautin ya yi ƙasa, ko daidai, ko ya yi yawa. Da ta gama ta buɗe makirfo ta ce in yi magana. Na ce, "Kawu, ina wuni?" Ya yamutsa fuska ya ce wannan ai agwagwa ce a cikin bokiti. Haka kowa yake fara ji, domin ɗigo ashirin da 'yan kai ne suke ƙoƙarin yin aikin ƙwayoyi dubbai, sai ƙwaƙwalwa ta koyi sabon yaren a hankali. Muna nan ana 'yan gyare-gyare, kamar bayan rubu'in awa, sai ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya. Ya karkata kai kamar mai sauraren sallama daga zaure. Can ya ce, "Injin ya yi nisa." Na rubuta masa, ya mutu? Ya ce a'a, da a gidan maƙwabta yake, yanzu ya koma bakin titi.

To ga amsar tambayarku, yadda abin yake yau kwana 12 da kunnawa. Kafin aiki da aka ce ya auna ƙarar daga 0 zuwa 10, cewa ya yi 11. Yanzu da rana in na'urar tana kunne yakan ce 3 ko 4, in muna cikin kasuwa ma yakan manta da ita sai na tambaya. Gyaren kunnen dama yana nan, ko da yake ya ce shi ma ya rage kaifi, kuma an sha ganin haka a wajen wasu, ɗayan kunnen ya samu rabo. Da dare kuwa in ya cire na'urar yakan samu kamar rabin awa na sauƙi, daga nan injin ya fara dawowa har ya kai 7 ko 8. Dabarar da muka samu ita ce ya bar ta a kunne yana sauraren karatu ƙasa-ƙasa har barci ya fara fizgarsa, sannan ya cire, domin fatar wurin ma tana bukatar hutu. Jiya ya yi barcin awa biyar a jere, ya ce rabonsa da haka har ya manta. A ɓangaren ji kuma, yana gane ƙwanƙwasa ƙofa, da zubar ruwa, da sunansa in an kira, amma hira tukuna sai yana kallon bakinka. Wannan duk somin taɓi ne, jin da ƙarar duka sukan ci gaba da canzawa har wata shida zuwa shekara, kuma akwai zaman saiti da yawa a gaba. Saboda haka ƙarar ba ta tafi ba, ta dai sassauta ƙwarai, kuma ga wanda ya shekara tara a cikinta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kawu zai taho gida ƙarshen wata in Allah Ya so, kuma ragowar aikin a hannunku yake. Ina da roƙo guda biyar.

Na farko, don Allah a daina tambayarsa ko ƙarar tana nan. Duk tambaya ɗaya tura shi ake yi ya je ya leƙo ta, ita kuwa da kulawa take ƙiba. In yana son maganarta zai yi da kansa.

Na biyu, kada a killace shi a ɗaki wai don ya huta. Shiru abincin ƙarar ne. A fito da shi tsakar gida, yara su yi ta surutunsu, ya koma majalisa. Amma a nisanta shi da janareto da lasifikar biki.

Na uku, a yi masa magana da Hausa, a gabansa, a natse, mutum ɗaya a lokaci guda, ba da ihu ba. Na'urar nan tana da rauni wajen rarrabe hawa da saukar murya, harshenmu kuwa da su yake aiki: kukan yaro daban da kukar miya, wuyan riga daban da wuyar rayuwa, alhali baƙaƙen iri ɗaya ne. Sinawa ma da wannan suke fama, har sun fi mu, tunda Kantonancin garin nan karin murya shida gare shi. Maganin abin yawan saurare ne. Yaya, ki samu ɗaya daga cikin yaran ya riƙa karanta masa jarida rabin awa kullum, shi kuma yana bin layin da ido.

Na huɗu, a kula da kayan. Batir yana son caji kullum, kun kuwa san halin wutarmu, don haka a tanadi 'yar sola. A kiyaye na'urar waje daga ruwa da gumi da hannun yara, kada a bari wani abu ya buge shi a wurin, kuma duk asibitin da ya je a gaya musu yana da dashe kafin a sa shi a injin hoton nan na MRI mai mayen ƙarfe.

Na biyar, a rufe ƙofar masu magani. Har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ƙugin kunne. A kasuwar Qingping ta nan garin an cika mana ido da saiwoyi da ganyaye, aka yi ta tallata mana ganyen ginko, alhali ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar a 2014 sun ce kada a ba da shi don wannan matsala. Abin da bincike ya fi nuna amfaninsa shi ne gyara ji, da kuma zama da masanin halayyar ɗan Adam a koya wa mutum yadda zai rage tsoron ƙarar da damuwa da ita. Kuma kada a sake ɗiga masa komai a kunne.

Kafin in rufe, akwai abin da zaman nan ya sa nake ta tunani a kai game da mu a gida. Na'ura ɗaya ta cinye abin da zai sayi fili, alhali yawancin abin da ke kashe kunnuwanmu ana iya tare shi da kuɗi kaɗan. Allurai irin su jentamaisin da sitireptomaisin suna ceton rai in likita ya rubuta ya kuma sa ido, amma suna iya kashe ƙwayoyin nan har abada, don haka a daina zuwa kemis ana cewa a yi mini allura mai ƙarfi. Waɗanda suka isa sun tuna sanƙarau na 1996, wanda ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000. Da yawa daga waɗanda suka tashi da kurumta suka tashi. Shi sanƙarau yana da wani sharri na daban, yakan sa katantanwar ta cike da ƙashi cikin 'yan watanni har a rasa inda za a zura wayar, saboda haka duk yaron da ya tashi daga shi a gaggauta kai shi gwajin ji, kada a ce sai ya ƙara ƙwari. Zazzaɓin Lassa ma yakan taɓa jin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, muna da sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk wanda ya fara jin ƙugi da ba ya tafiya, musamman a kunne ɗaya, ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ya je a duba shi a ranar, kada ya ce ana maganarsa ne a wani wuri.

Kawu yana gaida kowa da kowa, ya ce a gaya wa waɗanda suka taimaka Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Gwaggo saƙonki na mayafai yana cikin kayansa. Ni kuma ina komawa in tarar da babi biyu da malamina yake jira, a taya ni da addu'a. A gaida yara, a shafa mini kan ƙananan. Sai kun sake ji daga gare ni.

Naku a kullum,
daga Gwanzu.